Ciwon Wuyan da Hoto Ba Ya Nunawa

Idan mota ta daki wata ta baya a babbar hanya, galibi direban baya ake ɗora wa laifi, amma takaddama takan tashi kan rauni. Nauyin kan baligi ya kusa kilo 5, kuma ƙasusuwan wuya 7 ke ɗauke da shi. Karon yakan ingiza gangar jiki gaba, kai ya fizgu baya sannan gaba, tsoka da jijiyoyi su miƙe fiye da kima. Zafin kan jinkirta kwana ɗaya ko biyu, hoton ƙashi kuwa ba ya nuna tsoka, sai kamfanin inshora ya musanta. Tun 2021 Ingila ta hana biyan irin wannan diyya sai da shaidar likita. Saboda haka wanda ya yi haɗari ya ga likita ran nan, ko da yana jin garau.