JAR FITILAR BAƘIN MAI: KADA A RAINA ƘYAFTAWARTA

In kaka ta yi, akori-kura da manyan motoci sai kai da kawowa suke yi da buhunan gero da masara tsakanin ƙauye da kasuwa. To, akwai wata 'yar jar fitila a gaban direba, mai siffar buta da ɗigo a bakinta, wadda wani lokaci takan kama ta mutu, ta kama ta mutu. Direbobi da yawa sukan ce ai waya ce ta saki, su ci gaba da tafiya. Da haka inji yake bugawa a tsakiyar daji, ga kayan mutane a baya, ranar kasuwa kuma ta wuce.

Fitilar nan ba yawan baƙin mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take dubawa. A ƙarƙashin inji akwai kasko inda mai yake taruwa, famfo yana zuƙo shi ta wata rariya, yana tura shi cikin gaɓoɓin inji domin kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Bisa hanya turin yakan kai lamba 30 zuwa 60, a irin lissafin da mai faci yake auna iskar taya, amma a galibin motoci fitilar ba ta kamawa sai ya sauko ƙasa da 10. Watau ko sau ɗaya ta ƙyafta, inji ya riga ya ɗanɗana ƙishirwa.

Direba mai lura yakan gane ciwon daga lokacin da take kamawa. In a kwana ne, ko wajen taka birki, ko a gangare, galibi mai ne ya yi ƙasa, ya karkata gefe guda, famfo ya zuƙi iska. In kuwa sai inji ya yi zafi, mota tana tsaye yana aiki a hankali, sa'an nan ta mutu da an ba da wuta, wannan ya fi muni: ko man ya tsinke, ko gaɓoɓin sun cinye. Jabun man da ake ɗurawa a kwalabe bakin hanya yana jawo haka, jinkirin juye kuwa yana toshe rariyar da dauɗa.

Lalle wani lokaci 'yar na'urar da ke kunna fitilar ce ta lalace, gyaranta kuwa ba tsada. Amma ba a tabbatar da wannan da ka, sai bakanike ya ɗaura ma'auni ya gani.

Abin yi shi ne direba ya raɓe a wuri mai daidai, ya kashe inji, ya dakata kamar minti 10. Sa'an nan ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. A ƙananan motoci, tsakanin zanen ƙasa da na sama kamar lita 1 ce. Kada a zarce na sama. In mai ya cika amma fitilar ba ta daina ba, sai a sauke kaya a wata motar, a ja wannan zuwa gareji.