Wane Ne Ɗan'uwan Gasaya a Fadamar Baturiya?

Da damina ta zauna a ƙasar Haɗeja, tun kafin ambaliyar Agusta ta shafe ƙasa-ƙasan fadama, gasaya takan cika juji da bayan danga da tsohon makwancin shanu inda Fulani suka tashi. Ba wanda ya shuka ta. Mace za ta duƙa da ƙwarya ta tsittsinke kawunan da ba su yi fure ba, ta tafasa, ta tsiyaye ruwan ɗacin, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji. Taku biyu daga gindin gasayar nan kuwa akwai wata mai ganye kusan sak, shi ma mai yatsu, wadda in yarinya ta haɗo da ita a ƙwarya sai uwa ta tsince ta watsar.

Dajin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, da faɗin hekta 101,095. Baƙin da ke zuwa tsuntsaye suke nema, idonsu na sama, kan gabaruwa da goruba da giyayya. In an sauko ƙasa, zancen ciyawar kachalla ake yi, wadda ta toshe hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga, na 1974, da Challawa, na 1992, sun sauya zuwan kogi da janyewarsa. Ƙananan tsirran da ke shiga tukunya ba su cika samun mai duƙawa ya ƙirga zaren furensu ba, alhali a nan ne ake raba dangi da maƙwabci.

Dangin da masana ke kira Brassicaceae, wato gidan su mastad da kabeji, yana da nau'i kusan 4,000, amma mafi yawansu 'yan ƙasashen sanyi ne da kewayen Bahar Rum da yammacin Asiya. A ƙasar Hausa baƙi ne. Shi mastad ɗin kansa, khardal na Larabci, bai da tsohon suna a bakin manomi. Da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zo kansa a tarjamar Alƙur'ani, ƙwayar komayya ya sa, ita kuwa komayya ciyawa ce da ba abin da ya haɗa ta da mastad sai ƙanƙantar ƙwaya. 'Yan gidan da ke fitowa da kansu a daji sai an nausa arewa ake samunsu da yawa: Farsetia a rairayin Sahel, da Schouwia, wadda Buzaye ke kira alwat, abincin raƙuma da farar dango a Tamesna da Azbin.

Wanda Bahaushe ya sani da hannunsa shi ne lansir, na lambun rani, wanda ake kwaɗawa musamman da azumi. Kabeji ba ya taimaka wa mai koyo, don sai ya sha sanyi mai tsawo yake fure, a nan kuwa ana sare shi tun yana dunƙule. Lansir dai in an bar ƙarshen fangali bai ga wuƙa ba zai nuna komai. Furensa fari ne, ƙarami ainun, da fiffike huɗu a gicciye, biyu na fuskantar biyu. A tsakiya akwai zare shida masu ɗauke da garin fure, huɗu dogaye, biyu gajeru. Kwanson kuma ɗan faifai ne mai tsaga a kai, bai kai rabin farcen ƙaramin yatsa ba sosai, kuma in ya bushe ya buɗe za a ga wani tantani siriri a tsaye ya raba shi ɗaki biyu, ƙwaya ɗaya ja-ja a kowane ɗaki. Ƙwayar nan ce algarif na masu magani, wadda ke yauƙi in ta sha ruwa. Tantanin nan shi ne shaidar gidan. A kabeji da mastad kwanson dogo ne kamar tsinke, amma tantanin yana nan.

Gasaya, Cleome gynandra kamar yadda Linnaeus ya raɗa mata a 1753, ita ma fiffike huɗu gare ta, zare shida. Sai dai fiffiken nata, fari ko mai sirkin ruwan hoda, duk sun tattaru gefe ɗaya suna kallon sama, kuma daga tsakiyar furen wani dogon tsinke yake fitowa, zaren shida su baje daga jikinsa kamar ƙafafun gizo-gizo, can gaba kuma uwar kwanson ta zauna a kan nata ƙarin tsinken. Shi ya sa kwanson gasaya yake reto nesa da inda furen ya faɗi. A fasa shi: ɗaki ɗaya ne, ba tantani, ƙwayoyin baƙaƙe a nannaɗe kamar ƙaramar katantanwa.

Ita kuwa waccan da uwa ta watsar, Cleome viscosa, wadda ake ce wa namijin 'yar unguwa, furenta rawaya ne. Zarenta ba shida ba ne, yakan haura goma, wani lokaci ashirin, kuma ba dogon tsinke a tsakiya, don haka kwansonta a miƙe yake yana kallon sama, kai tsaye daga mazaunin furen. Jikinta danƙo ne tun daga kara har kwanso. In iska ta taso za a same ta ta yi futu-futu da rairayi da ƙananan ƙwari. Gasaya ma tana da ɗan danƙo, musamman a sabon toho, don haka mai dogaro da yatsa kaɗai kafin fure zai iya shan kunya. Akwai ta uku, Cleome monophylla, mai sauƙin ganewa: ganyenta ɗaya ne siriri, ba yatsu, furen ruwan hoda zuwa shunayya.

Sunayen Hausa a nan suna da tarko. Bahaushe yana ce wa tsiro namiji in ya yi kama da wani mai amfani, ko ya zauna kusa da shi, amma bai kai shi daɗi ba. Namijin 'yar unguwa ɗan'uwan gasaya ne na jini, domin 'yar unguwa wani sunan gasaya ne. Amma abin da ake kira namijin gasaya, Amaranthus spinosus mai ƙaya a hammatar ganye, ɗan gidan alayyafo ne. Juji kawai ya haɗa su. J. M. Dalziel, likitan nan ɗan Sikotland da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya yi aiki babba, amma duk mai ɗauko suna daga littafi ya liƙa wa tsiro ba tare da ya ga fure ba yana cikin haɗarin rubuta binciken magani a kan abin da ba shi ya tsinko ba.

Su ma masanan ba su tsira daga ruɗun ba. Shekaru da dama gasaya tana gidan su anza da bagayi da ungududu, wato Capparaceae. Da binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ta fi kusa da mastad, rabe-raben tsirrai na 1998 ya zuba su duka cikin gidan mastad, na 2009 kuma ya sake warewa, ya bai wa gasaya gidanta na kanta, Cleomaceae, katanga ɗaya da na lansir. Hanci ya daɗe da sanin zumuncin. A murza ganyen gasaya, a tauna lansir, a ɓare saiwar zogale, a fasa ƙwayar gwanda da haƙori: yaji-yajin nan mai hawa hanci ɗaya ne, man mastad da tsiron ke saki in an raunata shi don korar masu cinsa. Anza, da mutanen Nijar suka koma gare ta a yunwar 2005, ita ma cikin wannan babbar zuri'a take, kuma sai an jiƙa 'ya'yanta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita.

Akwai abu ɗaya da gasaya ta fi 'yan'uwanta na jujin. Tana sarrafa hasken rana irin yadda gero da dawa da masara ke yi, tsarin da masana ke kira C4, shi ya sa zafin rana ba ya karya ta. Da yake tana kusa da Arabidopsis, ɗan ƙaramin tsiron gidan mastad da aka gama karance ƙwayoyin halittarsa a 2000, masu bincike a Jami'ar Cambridge suna gwada su biyun gefe da gefe, cikin neman hanyar da za a koya wa shinkafa wannan dabara. Manomin shinkafar fadamar Haɗeja kuwa yana nome gasayar a bakin gonarsa.

Ɗalibin da zai kai samfur ɗakin ajiyar tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, gara ya fita da safe, domin rawayan furen namijin 'yar unguwa kafin la'asar ya yanƙwane. Ya ciro reshe mai fure da kwanso tare, ya rubuta launin furen nan take tun bai dushe a cikin jarida ba, sannan ya tambayi mai ƙwaryar sunan da ake kiransa a garin, ya kuma tambaye ta ko ana ci.