Gwajin jini na herpes: Me ya sa takardar sakamako kaɗai ba ta isa hujja ba?

Takarda ɗaya daga ɗakin gwajin jini na iya rushe baiko, ko ta jefa ma'aurata cikin zargin juna. In dai gwajin herpes ne, kafin a kai ga haka ya kamata a tambaya: wane irin gwaji aka yi?

Herpes iri biyu ce. HSV-1 ita ce mai fitar da ƙuraje a leɓe, kuma galibi tun yarinta ake ɗaukarta. HSV-2 kuwa ta hanyar saduwa take yaɗuwa, tana fitowa a al'aura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ta farko, miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 kuma na da ta biyu.

Gwajin jini ba ƙwayar cutar yake nema ba, sinadaran da garkuwar jiki ke samarwa don yaƙar ta yake dubawa. Su ma iri biyu ne, IgM da IgG.

Na IgM dai ɓarnar kuɗi ne. Ba ya bambanta HSV-1 da HSV-2, kuma ba ya tabbatar da cewa sabon kamu ne, kamar yadda wasu ke ɗauka. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ba ta ba da shawarar yin sa.

Na IgG ya fi, domin yana rabe nau'o'in biyu, amma shi ma yana tuntuɓe. Fitaccen cikinsu, HerpeSelect, yana ba da lamba, daga sama da 1.1 a ce akwai cutar. To, tsakanin 1.1 da 3.0 sau da yawa yakan nuna HSV-2 ga wanda ba shi da ita. Shi ya sa CDC ke cewa a tabbatar da wani gwajin daban, kamar Biokit ko Western blot, wanda Jami'ar Washington da ke Seattle ke yi. A Disambar 2023 hukumar FDA ta Amurka ma ta ja hankalin likitoci kan wannan kuskure.

Abin ya fi shafarmu: bincike a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna HerpeSelect ya fi yin irin wannan kuskure a jinin mutanen yankin, yayin da gwajin Kalon ya fi dacewa.

Akwai kuma batun lokaci. Sinadaran kan ɗauki har mako 12 kafin su bayyana, don haka wanda ya yi gaggawar gwaji na iya samun takardar da ta wanke shi alhali yana da cutar. Ko an dace sakamakon daidai ne, ba ya faɗin yaushe aka kamu, balle daga wa.

Mai ƙuraje a jiki ya garzaya asibiti tun suna ɗanye, a shafo ruwansu a yi gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar kanta da nau'inta.