Dashen Ciki Bisa Zagayen Al'ada da Dashen Ciki Bisa Allurar Ƙarfafa Ƙwai: Nazari a Mahangar Likitanci da Fiƙihu

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai azurta wanda Ya so da zuriya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Rashin haihuwa jarrabawa ce da ta game duniya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligai 6 yakan fuskanci wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. A Ƙaramar Hukumar Kudan da maƙwabciyarta Makarfi, kamar sauran ƙasar Hausa, mafi yawan nauyin yakan faɗa kan mace, ta sha gori ko ta fuskanci saki, alhali sau da yawa matsalar daga namiji take. Ma'auratan da suka tashi daga Hunkuyi da kewaye zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, idan bincike ya nuna toshewar bututun ƙwai ko raunin maniyyi, akan ba su shawarar dashen ciki, wanda likitoci ke kira IVF. Kafin manomi ya saki kuɗin rakensa na shekara ko ya ɗaga gonarsa, yakan nemi fatawar malami. Halaccin aikin tsakanin miji da matarsa sananne ne. Abin da ke buƙatar bayani shi ne cewa aikin yana da hanyoyi biyu, kuma kowace tana jawo mas'alolinta na shari'a.

Taƙaitaccen tarihi

An haifi jaririyar farko ta wannan hanya, Louise Brown, a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. Ƙwai guda ɗaya aka ɗauka daga mahaifiyarta a zagayen al'adarta, ba tare da allurar ƙarfafawa ba. A farkon shekarun 1980 ne likitoci a Ostireliya da Amurka suka koma amfani da magungunan da ke sa mace ta nunar da ƙwai da yawa a lokaci guda, kuma a 1984 aka haifi ɗaya daga cikin jariran farko daga haɗaɗɗen ƙwan da aka daskarar a birnin Melbourne. A Nijeriya, ɗaya daga cikin haihuwar da aka fi sani ita ce ta 1998 a asibitin Nisa Premier da ke Abuja, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada.

Yadda hanyoyin biyu suke

A kowane wata jikin mace yakan fara renon ƙwayaye da dama, amma ɗaya ne kawai yake nuna, sauran su lalace. A hanyar zagayen al'ada, likita yana bibiyar wannan ƙwai ɗaya da hoton ciki da gwajin jini, ya zuƙo shi da siririyar allura dab da lokacin fitarsa, a haɗa shi da maniyyin miji a ɗakin gwaje-gwaje, sannan a mayar da shi mahaifa bayan kwana 2 zuwa 5. Magani kaɗan ne, kuɗin zagaye ɗaya ya fi sauƙi, kuma babu rarar ƙwai. Rauninta kuwa shi ne ƙwan yana iya fita kafin a kai gare shi, ko ya ƙi haɗuwa da maniyyi, ko ya tsaya da girma, zagayen ya tafi a banza. Saboda haka nasarar zagaye ɗaya sau da yawa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa hukumar NICE ta Birtaniya, a jagorarta ta 2013, ta ce kada a gabatar wa mata wannan hanya.

A hanyar ƙarfafawa kuwa, mace tana karɓar allurar sinadarin da ke renon ƙwai kullum na kimanin kwana 8 zuwa 12, tare da wani maganin da ke hana ƙwan fita da wuri. Daga nan a yi mata allurar ƙarshe ta nunarwa, a zuƙo ƙwayayen bayan kimanin awa 36. Akan samu 10 zuwa 15 a wajen mace mai ƙuruciya, likita ya zaɓi mafi kyau ya dasa, a daskarar da saura. Damar samun ciki a nan ta ninka ta hanyar farko. Sai dai magungunan suna da tsada, kuma suna iya jawo kumburin ma'ajiyar ƙwai, inda ruwa ke taruwa a ciki, jini ya yi kauri, ƙoda ta wahala. Idan kuma aka dasa fiye da ƙwai ɗaya, akan samu tagwaye ko 'yan uku, tare da haɗarin haihuwar bakwaini da hawan jini na masu ciki.

Matsayin malamai a kan asalin aikin

A watan Maris na 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halaccin aikin idan ƙwai da maniyyi na ma'aurata ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta tattauna mas'alar a 1404 bayan Hijira, inda ta halatta har da dasa ƙwan mace a mahaifar kishiyarta, amma ta janye wannan sashe a 1405 saboda tsoron cakuɗuwar nasaba. A zamanta na Amman a Oktoban 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta duba surori 7, ta haramta 5 da wani na uku ke shiga cikinsu, ta halatta 2 da suka tsaya tsakanin miji da matarsa, bisa buƙata da cikakken taka-tsantsan. Hanyoyin biyu da ake magana a kansu duk suna ƙarƙashin wannan halacci. Bambancinsu yana cikin abin da ke biyo baya.

Mas'alolin da ke rarrabe hanyoyin

Ta farko ita ce rarar haɗaɗɗun ƙwayaye. A zamanta na Jidda a watan Maris na 1990, wannan majalisa ta yanke cewa wajibi ne a taƙaita haɗa ƙwai ga adadin da za a dasa, domin guje wa rara. Idan rarar ta auku, a bar ta ba tare da kulawar likita ba har rayuwarta ta ƙare da kanta, kuma haramun ne a dasa ta a mahaifar wata mace. Hanyar al'ada ba ta cin karo da wannan hukunci, amma hanyar ƙarfafawa, yadda aka saba yin ta, tana haifar da rara. Malamai da yawa na zamani sun halatta daskarewa da sharaɗin a yi amfani da ƙwan cikin igiyar auren da aka haɗa shi. Idan miji ya rasu ko aure ya mutu, dasa shi ya haramta. A al'ummar da saki ba baƙon abu ba ne, wannan sharaɗi yana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya da asibiti tun farko.

Ta biyu ita ce yawan 'yan tayi. Idan aka dasa uku ko huɗu duk suka kama, likita yana iya ba da shawarar rage wasu. Mashhurin mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen yankin ke bi, shi ne haramcin fitar da abin da ya tabbata a mahaifa ko da kafin kwana 40, kamar yadda Shaihu Dardir ya bayyana a sharhinsa ga Mukhtasar. Maganin wannan yana wajen dashe: a dasa ɗaya, kada a jefa mace cikin larurar da aka ga zuwanta tun daga nesa.

Ta uku ita ce auna cutarwa. Ƙa'idar fiƙihu ta tabbatar da cewa ana kawar da cuta, kuma idan cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar mafi sauƙi. A kallon farko hanyar al'ada ce ta fi sauƙi, amma ƙarancin nasararta yana nufin maimaita aikin sau da dama. Kowane maimaici yana ɗauke da sabon buɗe al'aura, wanda larura ce kawai ta halatta shi gwargwadonta, da sabuwar zuƙar ƙwai, da kuɗin mota da masauki ga wadda ke zuwa Kaduna ko Kano ko Abuja daga ƙauyen Kudan. Shekarun mace kuma suna tafiya, ingancin ƙwai yana raguwa sosai bayan shekara 35. Kiyaye dukiya da kiyaye zuriya duk suna cikin manufofin shari'a, don haka arhar zagaye ɗaya ba ita ce ma'auni ba, sai jimillar abin da za a kashe kafin a kai ga biyan buƙata.

Hanyar tsakiya

Akwai matakai tsakanin ɓangarorin biyu. Ana iya ƙarfafawa da magani kaɗan a samu ƙwayaye 'yan ƙalilan. Ana kuma iya zuƙo ƙwayaye da yawa, a haɗa adadin da za a dasa kawai, a daskarar da sauran kafin su haɗu da maniyyi. Ƙwan da bai haɗu ba bai ɗauki hukuncin haɗaɗɗe ba, ko da yake wajibi ne a tsare shi daga cakuɗuwa da na wata. Ƙasar Italiya ta bi makamancin wannan tafarki lokacin da dokarta ta 2004 ta hana haɗa fiye da ƙwai 3 a zagaye ɗaya, kafin kotun tsarin mulki ta soke wannan iyaka a 2009. Wannan hanya ita ce mafi dacewa da hukuncin 1990, idan asibitin yana da kayan aiki da ƙwarewar yin ta.

Kammalawa

Babu hukunci ɗaya da zai dace da kowace mace. Wadda ajiyar ƙwanta ta yi ƙasa har allura ba ta ƙara mata komai, ko wadda magungunan ke barazana ga lafiyarta, hanyar al'ada ta fi dacewa da ita. Mafi yawan sauran mata kuwa, ƙarfafawa cikin kulawa ta fi kusa da cimma manufa. Abin da ya kamaci mai ba da fatawa shi ne ya tambayi ma'aurata abubuwa huɗu kafin ya amsa: ƙwai nawa za a haɗa, nawa za a dasa, me za a yi da rarar idan aure ya ƙare, kuma wane tsari asibitin ke bi wajen tabbatar da cewa ƙwai da maniyyin nasu ne. Ya kuma tunatar da miji cewa gwaji ya hau kansa kamar yadda ya hau kan matarsa, kuma neman magani riƙo ne da sababi wanda bai kore tawakkali ba. Allah Shi ne Mafi sani.