Lambun Bayan Gida Ga Wanda Ba Shi Da Sukuni

Sau da yawa a Rano da Kibiya a kan ga malamin ofis ko ɗan kasuwa ya share wuri a bayan gidansa da kaka, ya dasa tumatir da latas da albasa. Kafin watan Maris ya ƙare wurin ya koma fili, sai ƙura da kashin awaki. Ba lalaci ne ya jawo haka ba. Waɗannan kayan lambu suna son ban ruwa safe da yamma, shi kuwa mai su tun da sassafe ya fita, ba ya komowa sai almuru. Ga shi kuma ƙasar nan ta kan yi wajen wata 7 ba ruwan sama, rijiyoyi da yawa kuwa su kan ja baya da bazara. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 mutanen Kadawa da Kura da Bunkure su ke noman tumatir da ruwan da ke bin magudana har bakin gona. Mai ɗiba da guga ba zai yi gasa da su ba, gara ya sayi tumatirinsa a kasuwa.

Abin da ya kamace shi shi ne itatuwan da a kan dasa sau ɗaya a daɗe ana ci, kuma a ajiye su inda ruwan gida ke zuba, watau bakin rariya da wurin alwala. Ruwan da a ke zubarwa kullum a gida mai iyali ya isa ya rayar da itace uku ko huɗu. Amma ruwan wanki mai sabulu da yawa, kada a dinga zuba shi a gindi ɗaya.

Zogale ne na farko. A kan dasa reshensa, a kan kuma shuka ƙwayarsa. Reshe ya fi saurin ba da ganye, amma na ƙwaya ya fi zurfin saiwa, saboda haka ya fi jure rani, gara kuma ba ta cika damunsa ba kamar yadda ta ke damun reshe. In ya kai tsawon ƙirjin mutum sai a sare kansa. Mutane da yawa ba su yarda da wannan sara ba, suna ganin ɓarna ce. Su ne kuwa za a tarar zogalensu ya miƙe sama kamar gora, ganye kaɗan can ƙoli, sai da ƙugiya. Wanda aka sare ya kan yi rassa daidai hannun mace da yaro.

Bayansa sai lemun tsami da gwaba. Gwanda ma tana yi, sai dai a shuka uku a rami ɗaya, in sun yi fure a bar macen, a kuma bar namiji guda a gidan. Ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Mangwaro da darbejiya kuwa kada a sa su a ƙaramin wuri, inuwarsu za ta kashe na ƙasa, saiwarsu ta taɓa katanga.

Ramin dashe shi ne aikin da ba a yi masa rowa. A haƙa kamu ɗaya faɗi da zurfi, a cuɗa ƙasar sama da takin da ya ruɓe, a mayar, amma a bar bakin ramin da ɗan kwari don ruwa ya tsaya. Manoman Illela ta ƙasar Tawa a Nijar sun rayar da faƙo da ƙananan ramuka masu taki da su ke kira tassa. A gefen dashen sai a binne tulu sabo har wuya, a cika shi, a rufe bakinsa saboda sauro. Ruwa zai riƙa tsatsowa ta jikinsa a hankali, saiwa ta bi shi. Maimakon ban ruwa kullum, sai a duba tulun bayan kwana 3 ko 4. A rufe gindin da ƙaiƙayi ko buntun shinkafa don rana kada ta shanye danshin, haki ma ba zai samu fitowa ba. Sai dai a bar tazarar tafin hannu tsakanin abin rufin da jikin itacen, saboda gara.

Kayan miya kuwa, kuɓewa da yakuwa da rama da lalo, a bar su ga damina. A shuka a watan Yuni, a yi noma sau biyu, abin da ya yi saura a shanya don rani. Kabewa a sa ta gindin danga ta hau da kanta.

Duk wannan ba zai tsaya ba in ba shinge, gama akuya guda ta kan cinye dashen shekara kafin a sauko daga masallaci. A kewaye da darni tun kafin a dasa kome, a jera lalle ta cikinsa. Kafin karan ya ruɓe sau biyu lallen ya kama wurinsa, matan gida kuma sun samu na ƙunshi. Dashen kansa a jira ruwa ya zauna sosai, wajen farkon Yuli, don itacen ya samu wata uku na damina kafin a fara cika masa tulu.