Hular Kwano Da Bel: Me Ya Sa Gwamnati Ke Shiga Tsakanin Mutum Da Kansa?

A ranar 1 ga Janairun 2009 ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Rod Sefti, ta fara tilasta wa masu hawa babur sanya hular kwano, da direba da fasinja. Ba a yi mako guda ba sai ga abin mamaki a titunan Kano: wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, wasu har da shafa mata fenti don jami'ai su ɗauka hular gaske ce. Labarin ya kai har kafafen yaɗa labarai na ƙasashen waje, aka sha dariya. Amma tambayar da ta haifar da wannan dabara tana nan da ranta: shin gwamnati na da hurumin tilasta wa mutum ya kare kansa, ko kuwa wannan shiga sharo ba shanu ne?

Tambayar ta shafe ku kai tsaye, domin da yawa daga cikinku a kan babur ake kai ku makaranta, wasu ma su ke tuƙa na gidansu idan an aike su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a haɗurran hanya duk shekara, kuma babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa ababen hawanta ba su kai na sauran nahiyoyi ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Wanda ya karanta dokar motsi ta farko ta Newton ya san cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tsayar da shi. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki bango, motar ce ta tsaya. Mutumin da ke ciki yana ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai ya haɗu da sitiyari ko gilashi. Ƙarfin wannan karo daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Babu hannun da zai iya tokare wannan. Aikin bel shi ne ya riƙe mutum ta ƙirji da ƙugu, inda ƙashi ya fi ƙarfi, ya kuma hana shi fita ta taga.

Ita kuwa hular kwano, sirrinta yana cikin kumfa mai tauri da ke ƙarƙashin ɓawonta. Idan kai ya bugi kwalta, kumfan ne ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ƙwarya ba ta da amfani, haka ma hular leburorin gini. Shi ya sa kuma hular da ta taɓa shan mummunan bugu sai an canza ta, ko da ba ta tsage ba. Wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa, ita ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, bel na rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, hular kwano mai inganci kuma na rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100.

Masu cewa a bar kowa da zaɓinsa

Masu adawa da dokar ba su rasa hujja ba. Suna cewa wanda ya yi gudun wuce sa'a yana iya kashe wani, don haka a hukunta shi. Amma wanda ya ƙi sa hula kansa kaɗai ya cuta. A Amurka wannan ra'ayi na da ƙarfi, har yau jihar New Hampshire ba ta tilasta wa manya ɗaura bel. A Ingila, bayan an kafa dokar hular kwano a 1973, mabiya addinin Sikh sun yi ƙorafin cewa za ta raba su da rawaninsu, aka cire su daga dokar a 1976.

A nan gida, ƙorafin na 2009 ya fi karkata ga aljihu da tsafta. 'Yan acaɓa sun ce kuɗin hula ya tashi da zarar an fara kame. Fasinjoji sun ƙyamaci sa hular da mutane da dama suka yi gumi a ciki, suna tsoron ƙwarƙwata da makero. Har jita-jita aka yi ta yaɗawa cewa ana yin asiri a cikin hular. Akwai kuma masu cewa irin waɗannan dokoki kan zama hanyar tatsar talaka a bakin titi.

Masu cewa doka ta zama dole

Ɗaya ɓangaren na amsawa da cewa babu haɗarin da ke tsayawa a kan mutum ɗaya. Fasinjan baya da bai ɗaura bel ba, jikinsa ne ke zama makamin da zai daki na gaba. Magidancin da ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, iyalinsa ne za su sayar da gona ko dabbobi don jinya, wani yaron ma ya bar makaranta. Gadon asibitin da ya kwanta a kai na jama'a ne. Yaron da aka goya a babur kuwa, ba shi ya zaɓa wa kansa ba. Ga masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, malamai sun sha bayyana cewa dogaro ga Allah ba ya hana ɗaukar matakin kariya.

Tarihi ma ya ba su hujja. Tun 1959 wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro bel ɗin da muke gani a motoci yau, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Duk da haka yawancin mutane ba su ɗaura ba sai da doka ta shigo: jihar Victoria ta Ostareliya a 1970, Ingila a 1983, Najeriya a 2003. A Amurka, bayan 1976 jihohi da dama sun sassauta dokar hular kwano, mutuwar masu babur kuma ta ƙaru. A Biyetnam, ƙasar da babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, an shafe watanni ana wayar da kai kafin dokar ta fara aiki a ranar 15 ga Disamban 2007, aka wayi gari kusan kowa da hularsa a manyan birane.

Darasin da ke nan shi ne doka na aiki idan hula na samuwa da araha, mutane sun fahimci dalili, jami'ai kuma sun yi kame ba sani ba sabo. Inda aka rasa waɗannan, sai a koma sa hula a gaban jami'i a cire a bayansa.

Abin da ke hannunku

Kafin manya su gama muhawara, akwai abin da ɗalibi zai iya yi. Ɗaura bel ko a kujerar baya kake. Ki ƙi hawa babur ɗin da ya ɗauki mutum uku ko huɗu. Idan kullum a babur ake kai ku makaranta, ku roƙi iyayenku hular da ta yi daidai da kanku, wadda ba ta juyawa idan kun girgiza kai. Mai tsoron ƙazanta na iya sa siririyar hula ko ɗankwali a ƙarƙashi.

Ga kuma maudu'i ga ƙungiyoyin muhawara na makarantunku: "Wanda ya ƙi sa hular kwano kansa kaɗai ya cuta." Ku kasu gida biyu, ku gwada hujjoji, sannan ku rubuto mana yadda ta kaya.