Asma da Hunturun Kagarko: Abin da Shuɗiyar Inhela Ba Ta Iya Yi

Daga watan Nuwamba, da zarar ruwa ya ɗauke, ƙasar Kagarko kan duƙufa kan aikin citta. A Kubacha da ƙauyukan da ke kewaye da ita ana tonowa, a tsaga, a baza a rana, domin busasshiyar iskar hunturu ce ke ƙafar da ita yadda 'yan kasuwa ke so. Iskar nan kuwa ba ita kaɗai take zuwa ba. Tana tafe da ƙurar Sahara, ta tarar da hayaƙin ƙonar daji da na itacen da ake jin ɗumi da shi a cikin ɗaki. Mai asma ya san wannan lokaci sarai: ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fito, a kwana a zaune.

Abu uku ke faruwa a huhunsa. Tsokar da ta naɗe ƙananan hanyoyin iska ta matse, fatar cikinsu ta kumbura, majina mai kauri ta taru. Kowane maganin asma yana da wanda yake yaƙa a cikin ukun nan, kuma a nan ne yawancin marasa lafiya ke ɓata hanya.

Shuɗiyar inhela, wadda aka fi sani da Ventolin, tana ɗauke da sinadarin salbutamol. Masana a kamfanin Allen & Hanburys na Ingila, ƙarƙashin jagorancin David Jack, su ne suka haɗa shi, ya shiga kasuwa a 1969. A jikin waccan tsoka akwai wasu ƙananan makamai da ake kira beta-2, waɗanda a al'ada sinadarin adirenalin na jiki ke taɓawa. Salbutamol yana kama su, tsoka ta saki, iska ta wuce. Cikin minti biyar mutum zai ji sauƙi, aikin kuma ya ɗauki awa huɗu zuwa shida. Da yake zuciya da tsokar hannu su ma suna amsa shi, wani kan ji faɗuwar gaba ko rawar yatsu bayan ya shaƙa.

Duk da haka mutane da yawa suna gudun inhela. Ana cewa wanda ya fara ba ya dainawa, wai ita ce matakin ƙarshe, gara a je kemis a sayi ƙwaya ko a yi allura. Lissafi bai goyi bayan wannan tsoro ba. Fesa ɗaya na inhela mikrogiram 100 ne, ƙwayar salbutamol ta manya kuwa miligiram 4 ce, wato ninki arba'in. Ƙwayar sai ta bi ciki, ta shiga jini, ta zaga jiki duka kafin wani kaso ya isa huhu, shi ya sa ta fi jinkiri kuma ta fi kaɗa zuciya. Haka Franol da allurar aminophylline da tsofaffi suka saba da su: tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce, idan aka zarce sai amai, bugun zuciya ya rikice, har farfaɗiya.

Aibin shuɗiyar inhela yana wani wurin daban. Tana sassauta tsoka, amma ba ruwanta da kumburi. Mai dogaro da ita kaɗai kamar mai kwalfe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo: ƙasa ta bushe yanzu, gobe a sake. Maganin kumburin shi ne inhela mai sinadarin siteroyid, irin su beclometasone, wanda ya fito a 1972, da budesonide. Waɗannan suna ratsawa har cikin ƙwayoyin halitta su rage ƙera sinadaran da ke hura kumburi. Aiki ne na kwanaki da makonni. Wanda ya shaƙa yana cikin sarƙewa ba zai ji komai ba, sai ya jefar ya ce jabu aka sayar masa, alhali ita ce ke hana sarƙewar zuwa tun farko idan ana shaƙa kullum. Sharaɗinta a kurkure baki bayan an gama, don kada fararen ƙuraje su fito a harshe ko murya ta dushe.

Duniya ta biya wannan darasi da rayuka. A shekarun 1960 mace-macen matasa masu asma sun hauhawa a Ingila, aka danganta da wata inhela mai ƙarfi ta isoprenaline. Daga 1976 makamancin haka ya faru a New Zealand da fenoterol. A 2019 GINA, kwamitin da ke tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ya daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da salbutamol shi kaɗai. Abin da ya fifita shi ne inhela guda mai haɗe da budesonide da formoterol, ta yadda duk shaƙar neman sauƙi za ta tafi da maganin kumburi. Gwangwanin Ventolin ɗaya fesa 200 ne. Wanda ke ƙarar da uku ko fiye a shekara, asmarsa ba ta kwanta ba, ko da kuwa yana zuwa gona.

Sai dai ƙa'idar GINA daban, aljihun manomi daban. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai Ventolin da Seretide, ya sanar da rufe harkokinsa na kai-tsaye a Najeriya, ga shi an saki naira a watan Yunin shekarar. Farashin inhela ya ninka sau da yawa. A daminar shekarar ce kuma cutar ruɓewa ta cinye gonakin citta a Kagarko da Kachia da Jaba. Mutumin da ya rasa amfanin gonarsa ba zai sayi inhela biyu ba. Zai koma kan ƙwayoyin prednisolone ko dexamethasone, masu arha a kowane kemis. Likitoci na ba da prednisolone na kwana biyar zuwa bakwai idan ciwon ya tashi da ƙarfi, kuma yana ceton rai. Shan sa wata da watanni shi ke kawo kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Dexamethasone ɗin ma yana cikin ƙwayoyin da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe.

Akwai tanadi guda da ba ya cin ko kwabo. Da yawa daga cikin masu inhela ba sa iya haɗa dannawa da jan numfashi, maganin sai ya ƙare a maƙogwaro. A 1999 Dokta Heather Zar da abokan aikinta a Cape Town sun wallafa bincike a mujallar Lancet da ya nuna cewa robar lemo mai rabin lita tana aiki daidai da na'urar da ake saya don magance wannan matsala. Ana huda gindin robar daidai bakin inhela, a toshe gefe da kyau, a fesa sau ɗaya, yaro ya ja numfashi ta bakin robar sau biyar ko shida, sannan a sake fesawa.

Mai asma ya faɗa wa mai kemis ciwonsa kafin a miƙo masa maganin ciwon jiki, domin asfirin da ibuprofen da diclofenac kan tayar wa wasu da sarƙewa, propranolol na hawan jini kuwa yana toshe makaman beta-2 ɗin da salbutamol ke nema. Tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama da gumin dare, na gwajin tarin fuka ne, gwajin da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati. Idan kuwa mutum ya kasa ƙarasa jimla saboda haki, ko leɓunansa suka sauya launi, ko aka fesa shuɗiyar bai ji sauƙi ba, a ci gaba da fesa masa ta robar a kan hanya, a nufi Babban Asibitin Kagarko ko na Kafanchan, inda za a iya sa masa iskar oksijin.